Saƙonni Sittin da Na Tsara wa Praise

Lahadi, 28 ga Satumba, 4:15 na yamma

Fasto Solomon ne ya ba ni wannan littafin bayan an tashi daga sujada. Irin na 'yan firamare ne, har da jadawalin sau a bayansa. Na ce, "Baba Fasto, ai ina da wurin rubutu a waya." Ya ce, "Na sani, ɗana. Shi ya sa."

Aikin da ya ba ni shi ne, duk lokacin da na yi magana da Praise, in rubuta abin da ITA ta ce. Wai sati huɗu ke nan muna zaman shawarar aure, kuma duk sa'ad da ya tambaye ni me ta ce, sai in kwashe abin da ni na gaya mata in zuba masa. Ban yarda haka ne ba, amma ban yi gardama ba.

In wani ya tsinci littafin nan: na Benjamin Enoch ne, mai shagon buga takardu kusa da kasuwar Birnin Gwari, sakataren ikilisiya. Praise tana Kaduna, tela ce, ƙawar ƙanwata Helen ce da ke zaune can. An sa ranar aurenmu 27 ga Disamba. Na riga na raba shirin bikin kashi tara a kwamfuta, kowane kashi da launinsa.

Lahadi, 6:40 na yamma

Akwai abin da ban gaya wa Fasto ba, tunda bai tambaya ba.

A watan jiya Praise ta yi ƙorafi cewa ko gaisuwar safe ba na yi mata sai ta fara. Na zauna na duba matsalar. Ba rashin so ba ne, rashin tsari ne. Sai na samo wata manhaja: ka rubuta saƙo, ka sa masa rana da lokaci, ita za ta aika daga can inda take, ko wayarka na kashe. Wata Asabar da ba ciniki na rubuta saƙo sittin a zama ɗaya. Kullum ƙarfe shida da rabi na safe ɗaya yake tafiya. An fara 15 ga Satumba, za a gama 13 ga Nuwamba.

Praise ta ce na canza. Har ta gaya wa Helen cewa addu'arta ta karɓu.

Ba yaudara ba ce. Ni na rubuta su, da yatsuna. Na dai riga safiyar zuwa ne kawai.

Talata, 30 ga Satumba, 7:30 na yamma

Baba ya tafi gonarmu ta wajen Randagi tun asuba duba masara, su biyar, har da Usama ƙanin maƙwabcinmu Malam Nababa. Mama ta ajiye masa tuwon dare a kula. Ina jin mashin ne ya ba su matsala. Na sha gaya masa ya canza tayar baya.

Laraba, 1 ga Oktoba, 5:50 na safe

Tuwon yana nan.

Laraba, 1:00 na rana

An kawo mashin. Ba abin da ya samu tayar. Mai ma saura rabin tanki. Wanda ya kawo shi ya ce 'yan bindiga sun shige daji da su Baba.

Mama ta kira Helen. Ni ban kira Praise ba tukuna. Zan kira ta in na samu cikakken bayani. Ba a kai wa mutum rabin magana.

Alhamis, 2 ga Oktoba, 11:20 na safe

Sabis ya ɗauke a gari gaba ɗaya. Kowane layi. A kasuwa kowa da nasa bayanin, mai nama ma yana da biyu. Motoci ba sa fita hanyar Kaduna. Mutane sun fara shigowa daga ƙauyukan wajen Tabanni da tabarmi da tukwane a ka, wasu sun sauka a harabar coci, wasu a makarantar allon Malam Nababa.

Yau ne ranar zamana da Fasto, amma ba wanda ya tuna.

Juma'a, 3 ga Oktoba, 6:35 na safe

Ina wanke fuska na tuna. Manhajar ba ta san an ɗauke mana sabis ba. Ita tana can tana aikinta.

Juma'a, 9:00 na safe

Na zo shago na buɗe kwamfuta, don ina da kwafin saƙonnin. Na yau, na sha tara: "Ina kwana, tauraruwata. Nan komai lafiya lau, sai kewarki." Na gobe: "Yau da dariya na tashi, kin san dalili?" Na Lahadi yana tambayarta ko ta fi son labule ruwan ƙasa ko shuɗi.

Waɗannan duk da sauƙi. Na ashirin da biyar ne ya sa na zauna a ƙasa. Zai tafi ran Alhamis mai zuwa, tara ga wata:

"Baba yana gaishe ki. Ga shi nan kusa da ni yana shan kunu, wai yaushe za ki zo ki dama masa naki."

Lokacin da na rubuta shi ban ɗauke shi ƙarya ba. Shekara talatin da ɗaya ina ganin mutumin nan yana shan kunu ƙarfe shida da rabi. Rana ɗaya bai taɓa fashi ba.

Ina da kwana shida in tsayar da shi. Abin da nake bukata data ce ta minti biyu.

Asabar, 4 ga Oktoba, 5:00 na yamma

Babu labari.

Maza sun zauna a zauren Malam Nababa. Ba zan rubuta abin da aka faɗa ba.

Lahadi, 5 ga Oktoba, 3:30 na yamma

An gano cewa a saman tsamiyar bayan gidan Malam Nababa, a reshe na uku, in ka fuskanci yamma, ana samun ɗan sabis kara ɗaya tak. Tsamiyar da a da ko da rana mutane ba sa son bi ta ƙarƙashinta, yau har da masu sayar da gyaɗa.

Malam Nababa ya hana kowa hawa, ya ce ba zai iya da karaya ba a kan abin da ake ciki. Sai ya rataya igiya a reshen ya ɗaura gugan matarsa Bushira. Ka rubuta saƙonka, ka sa waya a guga, a ja ta sama, a jira, a sauko da ita. Saƙonnin waje suna shigowa. Namu ne ba sa fita, sai ɗaya bisa goma.

Na ce masa, "Malam, ni aikina sai da yatsa. Dole in hau."

Ya ce, "Binyaminu, rabonka da hawa bishiya tun yaushe?"

Na ce abu ne na lissafi, inda za ka sa ƙafa da inda za ka kama.

Na kai reshe na biyu. Wandon sujadata ne ya fara sallamawa, daga baya har gaba, a gaban matan zumunta huɗu da suka zo bin layi. Na daure na kai na uku. Manhajar ta yi ta juya ɗan da'irarta kusan minti ashirin, sannan ta ce in duba haɗina. Na duba. Ina rungume da reshe, tururuwa na shiga mini riga.

Amma saƙonnin Praise sun shigo, duka a lokaci ɗaya. Tunda Fasto ya ce in rubuta abin da ta ce, ga shi:

"Helen ta gaya mini. Me ya sa ba ka kira ni ba?"

"Ben, ina ta kira ba ya shiga. Yaya Mama?"

"Tauraruwa kuma? Yanzu?"

"Da dariya ka tashi? Ben, lafiyarka kuwa?"

"Labule?"

"In ba Benjamin ba ne ke riƙe da wayar nan, don girman Allah ku mayar masa."

Na rubuta mata bayani mai sakin layi uku. Bai tafi ba. Na rage shi zuwa layi ɗaya. Bai tafi ba. Bushira ce ta aro mini zanin da na ɗaura na koma gida.

Litinin, 6 ga Oktoba, 6:31 na safe

Na yau ya ce mata ta ci abinci sosai, don ni ma ina ci.

Mama kwana biyar ke nan sai ruwa da yamma.

Talata, 7 ga Oktoba, 2:00 na rana

Na gaya wa Fasto komai.

Ya cire tabarau. Sai na ga kafaɗunsa na rawa, na ɗauka kuka yake, ashe dariya ce. Ya yi ta yi har da tari. Ya ce in yafe masa, rabonsa da dariya tun Talatar da ta wuce.

"Saura nawa?"

"Talatin da bakwai, Baba Fasto."

"Wato har Nuwamba za ka yi ta tashi da dariya."

Da na karanta masa na ashirin da biyar, dariyar ta tsaya. Ya mayar da tabaransa ya ce, "Ɗana, na'ura ba ta yi ƙarya ba. Abin da ka ba ta ta kai. Kai ne ka yi wa Ubangiji alkawarin safiya sittin a madadinsa, ba ka tambaye shi ko ɗaya ba."

Na ce niyyata mai kyau ce. Ya ce ya sani. Sannan ya tambaye ni, "Me Praise take tsoro?"

Na san lambar takalminta. Na san rukunin jininta, da ranar da aka yi mata baftisma, da cewa ba ta cin kuɓewa. Na faɗa masa duk wannan. Ya ce, "Madalla. Me take tsoro?"

Na ce zan bincika.

Zan tashi sai ya riƙe ni. Ya ce mutum tamanin da wani abu ke kwana a harabar coci, jiya mata biyu sun kusa dambe a kan murhu, kuma ba wanda ya san wa ke shan wane magani. "Kan nan naka Allah ne ya ba ka, ba wani ba. Ka kawo shi inda ake bukatarsa."

Laraba, 8 ga Oktoba, 6:00 na yamma

Na yi jadawalin girki, na ɗiban ruwa, na wurin kwana, da jerin masu ciwon suga da hawan jini. Na buga na manna a ƙofar coci. Yau ba a yi faɗa ba, sai wata tsohuwa da ta ce ba za ta yi girki a rukunin ja ba, a mayar da ita kore. Na mayar da ita. Malam Nababa ya aiko a yi wa nasa baƙin irinsa.

Na sake hawa tsamiya, da gajeren wando a ciki wannan karon. Da'irar ta juya. Ba ta buɗe ba.

Alhamis, 9 ga Oktoba, 6:31 na safe

Ya tafi.

Alhamis, 7:15 na yamma

Mama ta ce in yi mana addu'a kafin ta sha ruwa. Shekara biyu ke nan addu'ata ta safe da yamma daga wata manhajar nake karantawa, kowace rana da tata, da Turanci mai kyau. Ita ma sai da data.

Na tsaya. Na ce, "Ya Ubangiji." Na jira abin da ke biye ya zo. Ba abin da ya zo. Can na ji bakina ya ce, "Baba bai tafi da maganinsa ba. Yana kan taga."

Shi ke nan. Ban iya ƙara komai ba.

Mama ta ce amin, da ƙarfi, kamar na yi wa'azin awa guda.

Juma'a, 10 ga Oktoba, 4:00 na yamma

Babu labari. An sake zama a zaure. Wani ya je, ya dawo. Malam Nababa bai ja guga ba yau, Bushira ce ta ja.

Asabar, 11 ga Oktoba, 10:40 na safe

Guga ya sauko da wannan:

"Allah mun gode! Ben! Yaushe ya dawo? Helen ta faɗi ƙasa tana kuka. Ka ce masa zan dama masa kunu har ya gaji."

"Yanzu na gane dalilin dariyarka. Ashe bangaskiya ce. Ka yafe mini da na yi zaton ka taɓu."

"Gobe za mu ba da shaida a coci."

Na rubuta "KADA KU BA DA SHAIDA" na sa a guga sau bakwai. Na bayana a layi suka fara gunaguni. Bai tafi ba.

Lahadi, 12 ga Oktoba, 1:00 na rana

Ina karanta sanarwa a gaban ikilisiya, ina duba agogo, ina lissafin cewa yanzu a Kaduna an kai lokacin shaida. Na karanta sanarwar taron matasa sau biyu. Ba wanda ya gyara mini.

Litinin, 13 ga Oktoba, 12:30 na rana

"Mun ba da shaida. Zumuntar mata sun yi rawa har waje. An dafa shinkafa. Ka ba Baba waya mu ji muryarsa in sabis ya dawo."

Na gaya wa Mama. Tana tsince wake, ba ta ɗago ba har na gama. Sannan ta ce, "Kunun wa ya sha?"

Na ce, "Mama, ai bayani nake muku, tun watan jiya na rubuta."

"Helen tana can tana rawa."

"E, Mama."

"To, Benja. Tunda ka iya dawo da shi a waya, sai ka tashi ka dawo mini da shi gida."

Ta ci gaba da tsince wakenta. Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi.

Talata, 14 ga Oktoba, 9:30 na safe

An ce gobe motoci za su fita da rakiyar jami'an tsaro. Suhaibu direba zai je, ya yarda ya kai mini takarda har shagon Praise.

Na buga wasiƙar a kwamfuta, shafi biyu da rabi: gabatarwa, yadda abin ya faru, dalilai, matakan gyara. Na kai wa Fasto ya duba. Ya karanta har ƙarshe ya ce, "In kwangila kake nema, ka samu." Ya miƙo mini biro.

Ta biyu ya ce har yanzu akwai lauya a ciki. Ta uku bai karanta ba, ya ce tunda kunya ta hana ni ɗago ido, ta yi. Na kwafe ta nan:

"Praise, Baba bai dawo ba. Ba mu san ranar ba. Saƙonnin safe duka tun watan jiya na rubuta su, na'ura ke aikawa. Na kunun ma haka. Ban kira ki ran Laraba ba don ina tsoron in na faɗa da bakina zai zama gaskiya. Ki gaya wa Helen a hankali, ki riƙe ta. Ga sunan manhajar da lambar sirrina, ki tsayar da su. Na yi miki laifi. Benjamin."

Sai da Suhaibu ya sa takardar a aljihu na tuna cewa in ta shiga manhajar za ta ga sauran duka. Har da na talatin da takwas: "Jiya na yi mafarkinki."

Laraba, 15 ga Oktoba, 7:00 na safe

Sun fita. Mota goma sha ɗaya. Rabin gari ya tsaya bakin hanya yana kallo.

Alhamis, 16 ga Oktoba, 5:45 na yamma

Suhaibu ya dawo lafiya. Babu amsa a rubuce. Na tambaye shi me ta ce.

"Ta karanta a tsaye. Ta zauna. Ta sake karantawa. Sai ta ɗauki almakashi."

"Ta yi me da shi?"

"Ba komai, ta riƙe dai. Ni kuwa na ce sauri nake."

Juma'a, 17 ga Oktoba, 3:00 na yamma

Babu labari, ta kowane ɓangare.

Na buɗe shirin biki a kwamfuta na duba kashi taran nan. Na rufe.

Asabar, 18 ga Oktoba, 6:20 na yamma

Sun zo. Ita da Helen, a motar Suhaibu, ta wannan hanyar. Ina manna jadawalin sati a ƙofar coci na ga sun sauko da buhun garin masara da jaka ɗaya.

Na ce, "Praise, sannu da hanya." Ta wuce ni kamar turken shanya. Helen ta tsaya, ta dube ni, ta ce, "Yaya, na yi rawa. A gaban mutum ɗari uku." Ita ma ta wuce.

Suna ɗakin Mama tun ɗazu. Na ji kuka, na ji shiru, yanzu kuma ina jin ƙarar cokali a kwano. Ina jin Mama ce ke ci.

Praise za ta sauka gidan Fasto.

Lahadi, 19 ga Oktoba, 4:30 na yamma

Fasto ya zaunar da mu a ofishinsa. Ya ce ni yau aikina kunne. Zan rubuta abin da ta ce yadda ta faɗa.

"Baba Fasto, ba na'urar ce ta ɓata mini rai ba. Da ya ce mini, ni mai mantuwa ne, na sa waya ta riƙa tuna mini, da na ce Allah ya yi wa wayar albarka. Ni ma keken ɗinkina na lantarki ne. Har mafarki fa ya sa wa rana! Laraba mai zuwa zai yi mafarkina."

Fasto ya kama tari.

"Abin da ya ƙona ni, an ɗauke Baba, kwana guda cur akwai sabis, bai kira ni ba. Babana wata shida yana ciwo, kullum muka tambaya sai ya ce lafiya lau. Ranar da muka sani, saura kwana tara ya rasu. Ni ba zan sake zama gida ɗaya da lafiya lau ba. In abu ya faru, a gaya mini rabinsa, a gaya mini rubu'insa. In ba a san komai ba, a kira ni a ce ba a sani ba."

Fasto ya dube ni ta saman tabarau. Na tuna tambayarsa: me take tsoro? Ba sai ya maimaita ba.

Ta ce a cire 27 ga Disamba. Ta ce ba fasawa ta yi ba, amma ba za a sa wata rana ba sai Baba ya dawo, sai kuma ta san muryar wanda za ta aura.

Sannan ta ciro takardu daga jaka. Ta tsayar da saƙonnin, amma sai da ta kwafe sauran duka da hannu. Ta ce kullum ƙarfe shida da rabi zan same ta a tsakar gidanmu, a gaban Mama. Za ta karanta na ranar, ni kuma in ce gaskiya ne ko ƙarya. In ƙarya ne, in faɗi gaskiyar.

Na dubi Fasto ya cece ni. Ya ce shekararsa ashirin da shida yana shawarar aure, wannan dabarar ba ta taɓa zo masa ba, kuma zai ara.

Ya yi mana addu'a. Ya roƙa mata haƙuri, ni kuma ya roƙa mini baki.

Litinin, 20 ga Oktoba, 7:10 na safe

Na talatin da shida: "Barci na yi mai daɗi, ina fata ke ma haka."

Na ce ƙarya ne.

"Gaskiyar fa?"

Na ce ban yi barci sosai ba. Ta ce wannan rabin gaskiya ne, amma ta karɓa tunda ita ta ce a kawo rabi. Mama tana gefe tana dama koko, ta ce, "Ƙara matsa shi, 'yata, akwai saura." Helen ta ce a bar mata na Laraba, ita za ta karanta.

Daga nan Praise ta bi ni coci ta duba jadawalina. Ta ce yana da kyau ƙwarai, sai dai na sa masu shayarwa ɗiban ruwa da tsakar rana. Na gyara. Ban taɓa lura ba.

Talata, 21 ga Oktoba, 11:00 na safe

Baba.

Talata, 5:30 na yamma

Da ƙafa suka iso bakin gari wajen ƙarfe goma, wani mai mashin ya ƙaraso da su. Su uku, babu Usama. Ba zan rubuta komai a kan sauran biyun ba, don ba a gama jira ba. Malam Nababa ne ya fara shigowa yi mana barka. Ya riƙe hannun Baba ya daɗe, Baba ya faɗa masa wata magana a kunne, ya gyaɗa kai ya fita. Na bi shi har ƙofa na ce daga gobe ni zan riƙa jan guga da safe. Ya ce, "To, Binyaminu. Amma daga ƙasa."

Baba ya rame. Rigar da ke jikinsa ba tasa ba ce. Bai ce komai a kan can ba, mu ma ba mu tambaya ba. Ya sha magani, ya sha ruwa, ya tambayi awakinsa ɗaya bayan ɗaya. Helen ba ta iya riƙe baki ba, kafin azahar ta ba shi labarin komai. Ya saurara ido a rufe, sannan ya ce, "Ashe tun ran tara ga wata na dawo. Benja, ai da ka aiko an gaya mini, da ban yi ta zama a can ba."

Mama ta yi dariya har ta koma kuka, ta shige ɗaki.

Ƙafafunsa sun kumbura, duk sun tsage, akwai ƙaya a ciki. Na ɗora ruwa na kawo a roba na durƙusa. Praise ta sa gwiwar hannu a ruwan ta ce ya yi zafi, so nake in dafa shi? Na surka. Ta kawo gishiri da allura daga jakarta, ta zauna a ƙasa kusa da ni. Ni ina riƙe ƙafar, ita tana cire ƙayar ɗaya ɗaya tana ajiyewa a kan murfin kwano. Baba ya yi barci a zaune tun muna ƙafar farko.

Ba ta ɗago ba ta ce, "Ben, yaya kake?"

Na buɗe baki, amsar da na saba ta taho har bakin haƙorana. Na haɗiye ta.

Na ce, "Ban sani ba. Ga shi a hannuna, amma har yanzu tsoro nake ji."

Ta ce, "Ni ma." Ta goge allurar a gefen zaninta. "Ɗaga ƙafar sama kaɗan, ba na gani."